Koci Hamisu da Agogon da Ya Zaɓa Mani

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Koci ya rasu.

Yau da safe labarin ya iske ni, ina cikin zagaye na huɗu a filin firamaren unguwarmu a Kurfi. Waya ta yi ƙara, na duba na ga Nura ne, ƙanen Malam Hamisu. Na ɗauka ina haki ina dariya, na ce, "Nura, ka gaya wa yayanka yau ma na riga shi fitowa."



Can ya ce, "Yaya Kabiru, sai dai haƙuri. Malam ya cika bayan sallar asuba, a asibiti a Katsina."

Na ce wane asibiti? Na ce wane Malam?

Wallahi ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Yanzu haka ina ƙofar gidansa a Dutsin-Ma, muna jiran motar da za ta kawo shi. In kun ga kuskure a rubutun nan ku yi mani uzuri. In ban rubuta ba ji nake ƙirjina zai tsage.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Hamisu malamin motsa jiki ne a wata sakandare a nan Dutsin-Ma. Kusan kowa Koci yake ce masa, har mahaifiyarsa. Ba mu haɗa jini ba. Aji biyu ya ba ni a makaranta, kuma tun lokacin yake kirana Ɗan Kurfi.

Shekara biyu da suka wuce na yanke jiki na faɗi a ofis. Likita ya ce hawan jini ne, ga suga kuma ya fara leƙowa. Wanda ya san gidanmu ya san abin da wannan maganar take nufi a wurina. Mahaifina shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekaru, ni nake juya shi, ni nake yi masa wanka. Da na dawo daga asibiti sai na shige ɗaki na kwanta. Ina kallon 'ya'yana huɗu ina cewa a raina shi ke nan, layi ya zo kaina.

Kowa ya zo dubiya da murya ƙasa-ƙasa. Sannu, Allah ya sawwaƙe, a ajiye lemo a tafi.

Koci ya zo a kan babur, ya shigo har ɗaki, ko zama bai yi ba.

Ya ce, "Tashi."

Na ce, "Koci, jiri nake ji."

Ya ce, "Na ji. Ka ji shi a tsaye."

Ya riƙe hannuna muka taka zuwa masallacin bakin layi muka dawo. Tafiyar da ba ta kai ta kawo ba, amma sai da na jiƙe sharkaf. Da muka zauna ya ce, "Ba zan iya zuwa Kurfi kullum ba. Kai kuma na san halinka, in na bugo waya cewa za ka yi ka zagaye gari, alhali kana kwance kana shan fura. Ranar kasuwa ka same ni. Agogo za mu saya."

Ni a lokacin ban ma san akwai agogon da ke ƙirga taku ya aika wa waya ba.

Ranar kasuwar Dutsin-Ma muka shiga wani shagon kayan waya. Idona ya faɗa kan wani mai ruwan gwal, babba, mai shagon ya ce har kira ana amsawa da shi. Na ce wannan nake so. Koci ya karɓa ya jujjuya, sai ya duƙa ya ɗaura shi a ƙafar bencin da muke zaune. Muka zuba ido. Jim kaɗan sai ga agogo ya nuna bugun zuciya.

Ya ɗago ya dubi mai shagon ya ce, "Alhaji, ashe bencinka ya fi Ɗan Kurfi lafiya."

Shagon duka aka kwashe da dariya, har shi Alhajin. Rabona da dariya tun ranar da na faɗi.

Agogo na biyu mai kyau ne, ba ƙarya a cikinsa, amma ya ƙi haɗuwa da manhajar da Koci yake amfani da ita. Ya kashe bulutut ya kunna, ya sauke ya sake ɗorawa, har datata ta ƙare ya jona mani tasa. Na gaji na ce mu ɗauka haka nan, ai yana ƙirgawa.

Ya ce, "Yana ƙirga wa wa? In ni ban gani ba, kai da agogon baki za ku haɗa."

Muka bar shagon muka shiga wani. Aka kira azahar muka yi salla muka koma. Tambayoyinsa kaɗai sun ishi mai shago: kwana nawa caji yake yi, don ya san yadda wuta take a Kurfi. Ana ganin rubutun a cikin rana? In mutum zai yi alwala sai ya cire? Ya ce duk agogon da za a cire sau biyar a yini, wata rana a bakin famfo za a bar shi.

A ƙarshe ya tsaya kan wani baƙi na roba, mara fasali, irin wanda ko a hanya na tsinta ba zan waiwaya ba. Ya haɗa shi da wayata nan take. Ya ɗaura mani ya ce in tafi wurin mai rake in dawo, ina ƙirga takuna a zuci. Na je na dawo, mutum da girmana ina tafe ina motsa baki a tsakiyar kasuwa. Abin da na ƙirga da na agogon suka zo kusan ɗaya. Ya ɗauki butar mai shagon ya tsiyaya mani ruwa a hannu, mai shago yana salati, agogo bai ko gezau ba.

Sannan ya buɗe wayarsa ya nuna mani. Ga sunansa a sama, ga nawa a ƙasa.

Ya ce, "To, Ɗan Kurfi. Daga yau ina ganinka daga Dutsin-Ma."

Kuma ya gan ni ɗin.

In ƙarfe bakwai ta yi bai ga komai ba, waya za ta yi ƙara. "Ƙafa ce ta karye ko bargo ne ya yi nauyi?"

Akwai ranar da aiki ya kai ni Tamawa a kan babur, hanya duk gargada, agogo ya yi ta ƙirgawa ni kuwa ina zaune. Na ji daɗi na yi shiru abina. Da yamma ya bugo ya ce, "Na ga taku ya yi yawa yau, amma zuciya ba ta san an yi tafiya ba. Babur ne ko jaki?"

Shi ya aiko mani da kambas da ya ga ina tafiya da silifa. Shi ya yi wa maiɗakina magana kan gishiri, cikin ladabi, har ba ta ji haushi ba. Da azumi ya canza mani lokaci zuwa bayan la'asar, ya ce a hankali, ba gasa ake ba. Da hanyar bayan gari ta daina biyuwa ya ce in koma filin makaranta, kar in kuskura in yi nisa.

Ranar da likita ya rage mani magani, shi na fara kira kafin gida. Ya yi ta cewa alhamdulillahi kamar shi aka yi wa albishir.

To ga abin da ke cin raina.

Wajen wata biyu da suka wuce na fara ganin takunsa yana raguwa. Mutumin da kullum yake ninka ni. Sati ɗaya ya sauko, na biyu ya ƙara saukowa, a na uku na wuce shi. Karon farko tun da muka fara.

Kun san me na yi?

Hoton sikirin ɗin na ɗauka na tura guruf ɗin tsofaffin ɗalibai. Na rubuta cewa ɗalibi ya kayar da malami. Aka yi ta dariya. Wasu daga cikinku da kuke karanta wannan kun gani.

Shi kuwa abin da ya rubuto kawai shi ne, "Barka, Ɗan Kurfi. Kar ka tsaya."

Na kira shi sau ɗaya, ya ce zazzaɓi ne da gajiyar makaranta. Na yarda, don abin da nake son ji ke nan.

Ganina na ƙarshe da shi sati biyu ke nan. Na shigo kasuwa sayen irin wake, na ce bari in leƙa in tsokane shi. Na same shi a zaure a kan tabarma, ya jingina da bango, ya miƙe ƙafafu ya rufe su da zane. Fuskarsa ta cika. Ba agogo a hannunsa.

Na ce, "Koci, ina agogo? Ko tsoro ne ya sa aka ajiye?"

Ya ce, "Madaurin ne ya yi mani kaɗan."

Na ce, "Ah, lallai Koci an samu hutu, har ƙiba aka yi!"

Ya yi murmushi.

Kumburi ne, jama'a. Kumburi ne nake kallo da idona nake ce masa ƙiba.

Ya sa aka kawo mani ruwa. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ya kama hannuna ya duba agogon, ya ce in daina matse madaurin haka. Ko minti ashirin ban yi ba na ce zan kama hanya kafin rana ta yi sanyi, kun san yadda hanyar take yanzu. Ya dafa bango ya miƙe, na ce ya zauna, ya ƙi. Daga zaure zuwa inda na ajiye babur sai da ya tsaya sau biyu.

Na tayar da babur, ya dafa kafaɗata ya ce, "Kabiru, ko ba ka gan ni a waya ba, ka fita."

Bai taɓa kirana Kabiru ba sai in maganar mai nauyi ce. Na ji, amma hankalina yana kan hanya. Na ce, "An gama, Koci," na ja babur.

Ɗazu da na iso na ja Nura gefe. Na ce don Allah me ya faru? Ya ce ƙoda ce. An daɗe da gano ta. Kwana huɗu ke nan da aka kwantar da shi a Katsina.

Na ce, "Nura, kwana huɗu? Ina Kurfi, nan kusa, ba wanda zai ɗaga waya ya gaya mani?"

Ya fashe da kuka ya ce, "Wallahi Yaya shi ya hana. Har rantsar da mu ya yi, ni da Anti Rabi. Cewa ya yi, kar ku gaya wa Kabiru, jininsa bai daɗe da sauka ba."

Anti Rabi matarsa ce. Tana ciki yanzu, ina jiyo muryarta, na kasa shiga in yi mata gaisuwa. Me zan ce mata?

Yana kan gadon asibiti yana tunanin jinina. Ni ina fili ina murnar na wuce shi.

Na san kwana in ya ƙare ba mai ƙarawa. Na sani, da shi aka raine mu, kuma ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Tun safe mutane suke gaya mani, ina gyaɗa kai. Amma shi da lamba kawai yake gane ina kwance ko ina tsaye, ko ƙarya na yi. Ni an nuna mani tasa kullum safiya har wata biyu. Na zauna gabansa, na sha ruwan gidansa. Da na ɗaga zanen nan na dubi ƙafarsa fa? Da na ce tashi mu tafi, kamar yadda ya ce mani? Ƙoda biyu gare ni. Ko ba za ta yi ba, ai da an gwada. Ko zaman jinya ne, ai da na kwana a bakin gadonsa na riƙe masa kofi.

Ban yi ko ɗaya ba.

Ban nemi gafararsa ba, kuma yanzu ba inda zan same shi.

Ya bar 'ya'ya uku, babbar ba ta gama sakandare ba. Ya bar Inna, mahaifiyarsa, an tafi ɗauko ta daga Karofi. Ɗalibansa sun cika layin nan, manya da gemunsu suna share hawaye da hula. Ashe ba ni kaɗai yake bi da waya ba. Wani dattijo a gefena ya ce shi ma kullum sai ya kira shi kan ciwon gwiwa.

Za a yi jana'iza a nan ƙofar gidansa da zarar sun iso. Wanda yake kusa ya zo.

Ya Allah, ga bawanka Hamisu nan. Ya tayar da ni lokacin da na fid da rai, bai nemi komai a wurina ba. Ya Allah ka gafarta masa, ka sa ciwon da ya ɓoye ya zama kaffara, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanya shi a Aljannar Firdausi. Ka dafa wa Rabi da yaran nan, ka ba Inna juriya. Ni kuma ka yafe mani sakacina.

An ce motar ta shigo gari. Zan ajiye wayar.

Don girman Allah, duk wanda ya karanta wannan, ko ba ka taɓa ganinsa ba, kar ka wuce haka nan. Ka tsaya ka karanta masa Ƙulhuwallahu, ka ambaci sunansa, Hamisu, ka roƙa masa rahama. In da saura a bakinka, ka sa ni a ciki.