Ƙaramin Cokalin Yaya Umaru

Shekara tara ke nan da muka binne yayana, Farfesa Umaru, a Bungudu. A jami'a an san shi da bincike kan kitsen da ke taruwa a jini ya toshe hanyoyin zuciya, da yadda jiki ke sarrafa abin da aka zuba masa. Ɗalibansa sun ce har a ƙasashen waje ana kafa hujja da rubuce-rubucensa. Ni ƙanwarsa ban taɓa karanta ko shafi ɗaya ba, Turancin ya fi ƙarfina. Abin da na sani shi ne cokali.

Mu 'ya'yan masu shanu ne daga Karakkai, kuma a gidanmu da man shanu ake auna ƙauna. Wanda Inna ta fi so, shi ake kwararawa ludayi guda a kan tuwo har miya ta ɓace. Yaya kuwa ɗan fari ne, ga shi malamin jami'a, don haka in ya zo hutu tuwonsa iyo yake yi. Bai taɓa ture kwanon ba, ya san hakan zai ƙona mata rai. Wata rana dai ya dawo daga kasuwar Gusau da ƙaramin cokalin shayi, ya durƙusa ya miƙa mata.

"Umaru, boko munka kai ka, ko rowa anka koya maka?" in ji Inna.

Ya yi dariya ya ce, "Ban ce ki daina ba, Inna. Ki ba ni da wannan, don in daɗe ina ci."

Ta yi mita har ta gaji, amma da cokalin ta ci gaba da zuba wa kowa. Da ta rasu, ni na gaje shi, na jefa a cikin kwalla na manta.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga Tsafe ta yau, garin da nake aure. Rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu, wanda a da yake wuni yana noma yanzu yana zaune a bakin titi. Ko masallacin unguwa sai a kan babur. Ga masu magani a waya suna rantsuwa za su narkar da kitse kafin Juma'a. Na san ransa zai ɓaci, domin bai da haƙuri da maƙaryata ko kaɗan. Amma ba zai zagi mai tumbi ba, tunda ya san a wurinmu tumbi shaida ce cewa mutum ya fita daga wahala.

Bayan babbar Sallar bara, maigidana Alhaji Sani ya dafe ƙirji ya zube a tsakar gida. Mun daɗe muna cin naman layya da na soya na adana cikin kitsensa, kuma kason maigida shi ne mafi maiƙo. Likitan farko ya jero masa haramci: ban da nama, ban da mai, ban da kilishi. Alhaji ya ce gara ya mutu da ƙoshinsa, ya watsar har da ƙwayoyin da aka ba shi. Na ji tsoro ƙwarai, domin na ga takaba tana leƙo ni.

Da ƙyar na ja shi Gusau wurin wata likitar zuciya, matashiya. Ta saurari faɗansa har ya ƙare, ta tambaye shi wa ke zuba masa mai, kuma da me. Sannan ta ce, "Baba, ban ce ka daina ba. Ka sha maganinka, ka riƙa takawa zuwa masallaci, Hajiya kuma ta nemi ƙaramin cokali, don ka daɗe kana ci."

Na ce, "Ɗiyata, wa ya koya maki wannan magana?"

Ta ce malaminsu ne, marigayi Farfesa Umaru, kuma duk wanda ya zauna ajinsa haka yake faɗa wa marasa lafiya. Ba ta san ko ni wace ce ba. Kuka ya hana ni gaya mata.

Littattafan Yaya suna can inda masana ke buɗe su, Allah ya sa su zama masa sadaka mai gudana. Ni dai da muka koma Tsafe na zazzage kwalla na ciro cokalin Inna. Alhaji yana mita kamar yadda ta yi, yana cewa surukinsa ya biyo shi da rowa daga kabari. Amma yana shan maganinsa, kuma bana shi ya yanka ragonsa da hannunsa. Allah ya jiƙanka, Yaya.