Aljihun Ƙugu

Duk wanda ya taso a layin nan ya san Baba Tela da ɗan shagonsa, wanda ya matse tsakanin kemis da mai faci, inda keken ɗinkinsa ke tari kamar mai shi. Yankansa na mutanen da ne, samari ba sa kawo masa kayan gayu. Abu ɗaya ne babu mai kama ƙafarsa: aljihun ɓoye. Yakan dasa shi cikin ƙugun wando, ɗan siriri, ko ka shafa ba za ka ji ba. Direbobi da matafiya ya fara yi wa, saboda 'yan sane.

Sai layin ya lalace. Yaran da ya ɗinka wa kayan makaranta suka girma, suka koma tsayuwa a kwana suna sayar da ƙwaya. Su ma suka riƙa kawo wanduna suna cewa, "Baba, a sa mana irin naka." Bai taɓa tambaya ba. Ya sani sarai, amma ciniki ya ja baya, kuma musu da saurayin da idonsa ya yi jajur ba aikin tsoho ba ne. Kullum cewa yake shi dai zare da allura ya sani.

'Yan sanda kuwa ba barci suke ba, suka gane hannunsa. In suka zo kame, ƙugu suke fara juyawa. Da sun ga ɗinkin Baba Tela, sai mota.

Autan Baba Tela ma'aikacin gidan burodi ne, ko sigari bai iya riƙewa ba. Tsohon ya ɗinka masa wandon zuwa aiki, hannu kuma ya riga ya saba, ya sa aljihun bai ma lura ba. Wata rana da hantsi aka cafke autan a kwana yana dawowa daga aiki, fulawa har a gira.

Baba Tela ya rufe shago ya nufi caji ofis. Sajan, wani mai furfura da ya gaji da duniya, ya shimfiɗa wandon a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, ai babu komai a ciki," in ji tsohon.

"Yau ne babu," in ji Sajan. "Baba, wallahi ni ma na gaji. Kullum ƙananan nake kwasowa, gobe wasu su maye gurbinsu. Gaya mini mai kawo maka wanduna da yawa a lokaci guda, ka tafi da ɗanka. In ba haka ba, kotu."

Baba Tela ya san shi mana. Ɗan maƙwabciyarsa ne, matar da ta yi jinyar uwar auta har ta cika, ta kuma goya autan a bayanta. Baba Tela ya daɗe yana kallon wandon, yana jin kunyar hannunsa. Sannan ya faɗi sunan yaron, murya ƙasa-ƙasa, har sai da Sajan ya ce ya maimaita.

Ya koma gida da ɗansa.

Washegari yana buɗe shago sai ga maƙwabciyar, ido a kumbure, mayafi a baibai. Ta gaishe shi kamar kullum, ta zauna a bakin benci.

"Baban auta, sun tafi da nawa," ta ce. "Kai naka ya fito. Don Allah gaya mini yadda ka yi."