Ɗalibin da ya koma gida jiran mutuwa

Duk abin da zan manta na zaman jami'a, ba zan taɓa manta ranar da na je Madadi neman abokina ba.

Ɗakinmu ɗaya a makaranta, ni daga Kabo, shi daga Madadi ta ƙasar Gwarzo, kuma duk ajinmu babu mai ƙwaƙwalwarsa. Da aka kawo allurar rigakafin korona, ɗalibai suka yi ta gardama. Wasu su ce tana hana haihuwa, wasu su ce cokali yana mannewa a inda aka yi ta. Mu biyu dariya muka yi musu, muka je aka yi mana. Ashe daga baya wani ya turo masa bidiyo a waya, wai duk wanda aka yi wa ba zai wuce shekara biyu a duniya ba. Ni ban sani ba.

Aka dawo daga hutu, shi bai dawo ba, waya ma ba ya ɗauka. Da jarrabawa ta matso, na hau babur na nufi gidansu. Mahaifinsa na tarar a zaure. Bayan mun gaisa ya ce, "Ai ce mana ya yi yajin aiki ake. Ɗana, shiga ka duba min shi. Abinci ba ya ci, kullum sai bin dangi yana neman gafara."

Na shiga ciki. Na same shi kwance a tabarma, ya rame har na kusa kasa gane shi. Littattafansa ma duk ya rabar.

Na ce, "Malam, me kake yi a nan? Jarrabawa fa ta zo!"

Ya dube ni ya ce, "Me zan yi da digiri? Ni da kai duk mun kusa tafiya. Na ɓoye maka ne don kada hankalinka ya tashi."

A nan ne ya ba ni labarin bidiyon. Mutumin da ke warware mana darasi in ya gagari kowa, shi ne zaune yana jiran likkafani saboda bidiyon wani da bai taɓa gani ba.

Na lallashe shi, na yi faɗa, bai biyo ni ba. Sai da wa'adin ya wuce, ya ga har yanzu yana numfashi, sannan ya koma makaranta, ya tarar mun gama, gurbinsa kuma ya tafi. Yanzu takin zamani yake sayarwa a kasuwa, lafiyarsa ƙalau.

Daga nan na gane boko ba ya maganin tsoro, kuma jita-jita tana iya binne mutum da ransa.