Injin Ɗan Kawuna da Ƙwaƙwalwar Aro

Lissafi nake koyarwa a wata sakandare a Boɗinga. Shekara uku na yi ina rubuta injin ces, wato manhajar da ke buga darar Turawa da kanta. Abin da ya fi cin raina shi ne ƙwaƙwalwarsa, fayil ɗin da ke duban allo ya gane wa ke da rinjaye. Ba rubuta ta ake yi ba, horar da ita ake yi da wasanni masu ɗimbin yawa. Da tsohuwar kwamfutata na horar da tawa, kullum rana ta take sai in jona ta da solar maƙwabcina. Ba ta da ƙarfi sosai, amma tawa ce.

Ɗan kawuna yana da shagon buga takardu a Shagari. Taubashina ne, kuma ni na koya masa yadda doki ke tsalle a allo. Ranar sunan 'yarsa, bayan an ci tuwo, ya fito da kwamfutarsa gaban baƙi.

"Bawana," in ji shi, "ɗauko naka mu gani. Wata biyu kacal niy yi ina gina wanga injin ces."

Aka haɗa su. Wasa shida, nasa ya cinye nawa duka shidan. Mutanen da ba su san sarki da soja a allo ba suna ta shewa. Wani tela har da dafa mini kafaɗa.

Ban yi dariya ba. Lambobin da injinsa ke fitarwa nake kallo, don na san su. Akwai wata shahararriyar ƙwaƙwalwa da masu ita suka saki kyauta a intanet, bisa sharaɗin duk wanda ya ɗauka ya faɗi inda ya samo. Ina da ita a wayata, da ita nake gwada tawa. Na jera wasa iri ɗaya a wayar da kwamfutarsa. Amsa ta fito daidai, ko ɗigo bai bambanta ba. Suna kawai ya sauya wa fayil ɗin.

Na ce, "Wagga ba taka ba ce. Sata kay yi."

"Kyauta anka bayar," ya ce, yana murmushi. "Mi ag gaminka?"

"To mi ya hana ka hwaɗi masu ita?"

Jama'a suka sake fashewa da dariya, sun ɗauka wasan taubasai ne. Wannan ya fi cinyewar ƙona mini rai.

Da na koma Boɗinga na tarar ya riga ya shigar da injin cikin jerin da masu wannan harka ke gwada ƙarfin injina, ya rubuta cewa komai aikin hannunsa ne. Na tura wa masu jerin hujjata. Cikin mako guda suka cire shi.

Kawu ya aiko in zo. Na durƙusa, na gaishe shi. Bai ko ɗago ba.

"Kai da ɗan'uwanka, kak kai ƙara tai wurin baƙi?"

"Allah shi ja kwana, Kawu, ƙarya yay yi."

"Ni ban san ces ba. Zumunta nis sani. Tahi ka ba shi haƙuri."

Ban taɓa musa wa Kawu ba sai ranar. Na tashi, na hau babur ɗina na wuce ta ƙofar shagon ban tsaya ba.

Daga baya ɗan kawun nawa ya sake shigar da injin, wannan karon ya ambaci masu ƙwaƙwalwar a wani ɗan layi can ƙasa. Masu jerin suka karɓa. Yanzu yana saman nawa nesa ba kusa ba, kuma a Shagari har gobe shi ake kira gwani. In muka haɗu a jana'iza mukan yi musafaha don idon mutane. Matarsa ta daina zuwa gidanmu, ni ma na hana a kai masa albasar gonata in an cire.