Hannun Baba a Farkon Waƙar

Yayana ya fasa jitar ubanmu, wadda aka bar mini, ya kai ta kwandon shara na baladiyya, hukumar gari. Wannan na haɗiye shi shekara da shekaru. Abin da ya yi mini a makon jiya, a gaban 'ya'yansa, shi ne ya ƙi wucewa, har ya sa na ɗauki biro, ni da ban gama firamare ba.

Har yau in na ji ƙamshin man keken ɗinki sai in ga ɗakinmu na unguwar Tandabawi a Makka. Can saman dutse yake, sai ka hau matakala har gwiwa ta yi ƙara. Da man keken Inna ne Baba yake goge tsirkiyoyin jitarsa, Inna tana mita, shi yana yi kamar bai ji ba. In ya gama sai ya naɗe ta cikin tsohon zanen ihrami da wani alhaji ya bari, ya tura ta saman kwaba. A Makka ta wancan lokaci ba a yawo da jita a hannu.

Baba ɗan Damagaram ne. Ta Sudan suka biyo zuwa Makka, shi da Kaka, uwarsa, kuma a can yatsunsa suka koyi abin. A idon unguwa ɗan dako ne. Lokacin aikin Hajji yana Arfa yana sauke ƙanƙara da buhunan shinkafa, ya dawo baƙi ƙirin, leɓe a tsage. Amma in alhazai suka watse, gari ya yi fayau, tantabaru suka karɓe tituna, sai wata farar mota ta zo daga Jidda ta tsaya a gindin dutse. Ba ta hawowa. Baba ya sa farar tob ɗinsa, doguwar rigarsa guda ɗaya, ya rungumi ƙunshin nan kamar mai kai wanki, ya sauka. Kwana biyu, wani lokaci uku, sai ya dawo da gurasar tamis mai zafi da tsire, yana murmushin da ba ya yi a sauran shekara.

A Jidda akwai wani ɗaki da ake ɗaukar waƙa. Mawaƙan da ake ji da su suna zuwa, a tara musu makaɗa, su rera, a buga kaset. Fuskar mawaƙi ce a jikin kwali, da sunansa da manyan baƙaƙe. Makaɗa kuwa ko a ambace su ko a manta. Baba bai da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, saboda haka ko an tuna ba a rubutawa. Shi da kansa ya ce kada a rubuta.

A gida yana kaɗawa bayan la'asar, ya cusa tsumma ƙarƙashin tsirkiya, ya kunna mukayyaf ɗinmu, na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarar injin niƙa, don kada maƙwabta su ji. Nakan zauna gwiwata tana taɓa tasa. Kan yatsunsa na hagu sun yi kanta, in ya shafa kaina kamar an goga mini tsakuwa. Akwai wani ɗan kiɗa da yake yawan juyawa, uku a jere sannan ɗaya ya faɗo a makare. Na ɗauka wasa ne kawai.

Wata rana na raka Kaka wurin da take kasa kuka da daddawa a bakin titi. Mai shagon kaset na kusa ya saki sabuwar waƙa. Kafin mawaƙin ya buɗe baki sai ga kiɗan nan, shi kaɗai, tsirara. Kaka ta saki ludayin awo.

"Kai, wannan ai lugudena ne," in ji ta. "Haka muke daka a gidan ubana. Ja'irin yaro, ya kai wa Larabawa turmina."

Ta yi dariya har ta share ido da bakin mayafi. Waƙar nan ta cika gari. Tasi, gidan biki, rediyon mai sayar da waken ful. Mutane sukan fara tafi tun daga kiɗan farko, kuma ba wanda ya san mai shi yana wuce su da buhu a ka.

Da ciwo ya kwantar da Baba ina da shekara sha bakwai, na iya kama wuri uku kacal a wuyan jitar. A gaban Inna ya ce, "Ta ƙaramin ce. Shi yake da kunne." Ya rasu. Kwana uku bayan nan, da safe, Yaya ya sauko da ita. Lokacin yana karatu wurin wani malami kuma yana neman 'yarsa, ranar ce surukan za su zo ta'aziyya. Ya ce ba za a tarar da kayan shaiɗan a gidan mamaci ba. Ya buga ta a kan matakala sau biyu. Ƙarar da ta yi ba zan kwatanta maka ba. Na tsinci ɗan maɓalli ɗaya, irin wanda ake murɗa tsirkiya da shi. Yana jikin makullaina har yau.

Yanzu duniya ta juya. Gidan an rushe shi, ko matakalar babu. A Jidda ana kiɗa a fili, yara suna rataye jita a kafaɗa ba mai kallonsu. Ni ina tuƙa bas a Aziziyya, yatsuna sun manta wuri ukun nan. Wani lokaci fasinja ya kunna tsohuwar waƙar a waya, in rage gudu har kiɗan farko ya wuce. Sauran ban damu da ita ba.

To, makon jiya aka yi sunan jikan Yaya. Bayan azahar muna zaune kan shinkafa, babban ɗansa, uban jaririn, ya kunna waƙar. Hausarsa ta gutsure, rabi Larabci. Ya ce wa ubansa, "Yaba, wannan jitar ta farko, wallahi ajiba. Wane ne mai kaɗawa?"

Na ga ƙafar Yaya tana bin kiɗan a ƙarƙashin tob, uku a jere, ɗaya a makare. Bai ɗago ba. Ya ce, "Wani Bamisire ne."

Na tsame hannuna daga faranti. Na ciro makullaina, na ajiye su a gabansa, maɓallin yana sama.

Ya ce, "Ƙanena, ba yau ba. Akwai baƙi."

Na ce, "Yaya, ran nan ma baƙi ka ce. Larabawa ba su rubuta sunansa ba don bai da takarda, shi ya yafe musu. Kai wace takarda ka rasa? Jitar na bar ka da Allah. Amma yaron da aka yanka wa rago yau sunan Baba kuka sa masa. Ɗago ka dubi ɗanka, ka faɗa masa hannun wane ne wannan. Ba zan tashi ba sai na ji da bakinka."