Yayana da Ke Sauraren Inji

Ranar Alhamis, tara ga watan Oktoba, jim kaɗan bayan la'asar, Allah ya karɓi ran yayana, bakaniken da direbobi ke kira Kunne. Ya rasu a gadon asibiti yana da shekara sittin da bakwai, bayan wata goma sha huɗu yana fama da ciwon ƙoda. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinsa muka nufa.

Yaya, yau kwana tara ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Jikina ya mutu, kaina ya yi nauyi, masu gaisuwa kuma ba su yanke ba. Amma idan ban rubuta yanzu ba, na san halina, ba zan rubuta ba.

Shekara arba'in da ɗoriya ka yi a ƙarƙashin rumfar kwanon nan ta bayan tasha, kana gyaran tsofaffin ƙananan bas masu inji a baya, irin waɗanda sauran garejoji suka daina karɓa. Sunan Kunne kuwa aiki ne ya ba ka. Kana da wani guntun tiyo baƙi da ba ya barin aljihunka. Idan aka kawo mota tana kakkarwa ko tana mutuwa a silo, wato idan tana tsaye inji na aiki a hankali, sai ka ce a tayar, ka sa bakin tiyon ɗaya a kunne, kana yawo da ɗayan a jikin inji, har ka ji inda iska ke satar shiga. Direbobi kan yi maka tsiya su ce kana gulma da mota. Kai kuma ka ce ai gara ita, ba ta ƙara gishiri.

Wanda bai taɓa buɗe murfin irin wannan inji ba ba zai gane wahalar ba. Tiyo ne sirara sun fi goma, duk baƙaƙe, duk kama ɗaya, wasu na jan iska, wasu na ɗauke da fetur. Kai ka san gidan kowanne. Ka san wanda ke tashi daga kafireta, mai haɗa fetur da iska, ya je ya daidaita wuta, da wanda ke taimakon birki, da wanda aka toshe tun daga kamfani. Na fetur kuwa ba ka yarda ya bi ko'ina sai hanyarsa: daga tanki zuwa matata, daga matata zuwa famfo, sannan ya hau sama nesa da bel, nesa da zafin salansa, kowace mahaɗa da kilif ɗin da ke matse ta.

Cikin masu zuwa gaisuwa akwai wata mata mai kai yara makaranta. Ta zauna wurin matarka ta ba da labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce shekarun baya motarta ta riƙa mutuwa duk inda ta taka birki, garejoji uku suka ce sai ta sake inji, har ta fara sanar da iyayen yara su nemi wata motar. Ka saurara na ɗan lokaci, ka zare tiyo biyu da wani ya juya musu wuri, ka mayar da kowanne gidansa, ka ce ta je ta ɗauko yaranta kada su makara. Ta ce har yau da wannan injin take aiki.

Ni nawa labarin ba shi da daɗi haka. Motar da nake rabon burodi da ita ta Baba ce, kai ka bar mini ita da aka raba gado. Wata shekara muka saɓa a kan maganar da yanzu ko tuna ta ba na yi, na yi fushi na kai motar wani gareji aka canja mata tiyon fetur. Bayan wata biyu na biyo ta gabanka da safe, mota cike da burodi, na tsaya gaishe ka don kada a ce. Ka shaƙi iska sau biyu, ka zura hannu ta taga ka zare makulli.

Na yi maka rashin kunya a gaban mutane, Yaya. Na ce shaguna goma sha biyu na jirana, na ce kana jin haushi ne don na kai aiki wani wuri. Ka bar ni na gama, sannan ka buɗe murfin baya ka kama hannuna ka ɗora a kan tiyon. An bi da shi ta wani rami a jikin ƙarfe ba tare da robar kariya ba, gefen ƙarfen ya ci shi har ya kusa rabewa, fetur na tsattsafowa yana ɗiga taƙi ɗaya daga salansa. Ka ce, «A kan wannan murfin 'ya'yanka ke zama idan ka ɗauko su.» Iyakar abin da ka faɗa ke nan. Ka durƙusa ka yi aikin. Burodin ranar ya makara, wasu shagunan suka ƙi karɓa. Ban ba ka haƙuri ba. Washegari dai na kawo maka burodi biyu, ka karɓa ka ce ya yi gishiri.

Da ciwo ya kama ka, a wannan motar nake kai ka wankin ƙoda, Litinin da Laraba da Juma'a. In gama rabo, in ɗauko ka, in zauna awa huɗu a bencin baranda, in mayar da kai gida kana jingine da taga kamar an matse ka. Tun ana ce mini sannu har aka saba. Zan faɗi gaskiya tunda ba ka son ƙarya: na gaji. Akwai ranakun da na tsaya a ƙofar gidanka na daɗe ban kashe mota ba, ina jin ba zan iya shiga ba. Akwai ranar da ka yi amai a kujera na ɗaga maka murya. Ka ce in yi haƙuri. Kai da ke ciwo, kai ne ka ba ni haƙuri.

Mako uku kafin rasuwarka, muna dawowa daga asibiti, motar ta mutu a tsakiyar mahaɗar titi. Ana ta yi mana oda, ni ina ta murɗa makulli ina zufa. A lokacin idonka ya riga ya dushe, da ƙyar kake gane fuska. Ka ce in daina wahalar da batir, in je baya in laluba ƙarƙashin kafireta ta hagu, zan ji wani siririn tiyo ya tsage a baki. Ka ce tun Litinin kake jin yana shan iska. Na same shi yadda ka faɗa, na yanke bakin da reza na mayar, mota ta tashi.

Ranar Asabar da ta biyo baya ka sa aka fito maka da kujera tsakar gida, ka ce in sayo tiyo sabo in canja duka. Na ce a bari sai ka ji sauƙi, ka yi kamar ba ka ji ba. Muka wuni a kai. Ina zare ɗaya, kana sa ni in faɗi daga inda ya fito da inda za shi kafin in sa sabon. Idan na gama sai ka miƙo hannu ka shafa, ka ja kilif ɗin ka ji ko ya kama. Sau biyu ka sa na kwance. Numfashinka na sarƙewa, matarka na leƙowa tana cewa ya isa haka. Da na ɗaure na ƙarshe na tayar, ka karkata kai ka daɗe kana saurare. Sannan ka ce, «To, yanzu ka iya. Ka daina jira sai na ji maka.» Na shiga wanke hannu na daɗe ban fito ba.

Jiya Juma'a na gama rabo, ban ankara ba sai ga ni a ƙofar gidanka a daidai lokacin da muka saba. Hutun da na yi ta nema wata goma sha huɗu ya samu, kuma ban san inda zan kai shi ba. Ka yafe mini gajiyata, Yaya, da muryar da na ɗaga maka, da haƙurin da na riƙe shekara da shekaru ban ba ka ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta yi jinyar da ta fi tawa nesa ba kusa ba, ban kuma taɓa jin ta yi tsaki ba; da 'ya'yanka mata uku da mazajensu; da ƙanwarmu; da direbobin da har yanzu ke tsayawa a bakin rumfarka su gan ta a rufe. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Ya Allah, bawanka ya sha wuya, ka sa ciwon nan ya zama kaffara gare shi. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Rayukan da ya tsare daga gobara, waɗanda suka sani da waɗanda ba su taɓa sani ba, ka sa su a mizaninsa, ka tsare shi daga wuta. Ka hutar da shi, ya Ubangiji, domin ya gaji fiye da mu duka. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.