Mika'ilu mutumin Sham da Gonar Jini

Tun 1903 da Nasara suka shigo Sakkwato na yi musu tafinta, malaman da muka yi karatu tare suka daina zama tabarma ɗaya da ni. Da Nasaran suka samu 'yan boko, su ma suka sallame ni. Na ɗauka ba sauran abin da zai girgiza ni.

Sai ga labari da safen nan: Mika'ilu ya rasu.

Mutumin Sham ne, Kirista, mai sayen fatun awaki a kantinsa na Ƙofar Taramniya. Shi kaɗai ke aiko mini da shayi ba tare da ya nemi komai ba. In na tashi salla, da kansa yake kawo buta.

Ganinmu na ƙarshe yana kwance, zazzaɓi ya cinye shi. Ya ce, "Malam, kai da ke taƙama da Larabci, mi ake nufi da Akeldama?"

Na ce ban taɓa ji ba.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ashe akwai abin da ba ka sani ba."

Ya ce sunan wani wuri ne a Ƙudus, yana cikin littafinsu. Aramiyanci ne, harshen da uwarsa ke addu'a da shi. Haƙal, gona. Dama, jini. Gonar Jini. Nan take na ji kusancinsu da haƙlu da damu na Larabci. Ya ce da ladan da aka biya wani almajiri da ya ci amanar malaminsa aka sayi gonar, aka mai da ita makabartar baƙi.

"Ko can baƙo na da wurin kwanciya," in ji shi. "Ni nan fa? Ka tsaya a kaina, Malam. Ka san inda anka sa ni, don ɗiyata in ta zo."

Na yi masa alkawari.

Maƙwabcinsa Alu baduku ne ya kawo mini labarin. Na ce mu tafi.

"Ina za mu, Malam? An bizne shi tun jiya. Ka san zafin ga, gawa ba ta jira."

Makabartar bariki ta ƙi shi, ba Bature ba ne. Tamu ba ta karɓe shi ba, ba Musulmi ba ne. Leburori 'yan ci-rani suka kai shi wajen Kalambaina, suka rufe, suka wuce. Ba wanda ya tuna da ni.

Na san abin da wasunku za su ce game da yi masa addu'a. Ku riƙe abinku. Allah ya ba ɗiyarsa haƙuri, ya haɗa ni da ko ɗaya daga leburorin nan. Ku taya ni da wannan.

Na yini ina zagaya duwatsun Kalambaina. Ban ga kabarin ba.